Lansir ɗin Goggo

Shekarar da Baba ya rasu na fara jin kunyar gidanmu, kuma a kan lansir ne. Na san yadda mutane ke yi in na faɗi haka. Sai su yi murmushi su ce, "Lansir dai? Wannan ganyen kwaɗon?" Shi ɗin dai. Haka Yayana ya ce, haka Baffanmu ya ce, kuma har yau in na ji wani ya faɗa da wannan muryar sai in tuna da Goggo.

Goggo ƙanwar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta yi aure a Kibiya, ta haihu sau huɗu babu wanda ya zauna, daga baya mijin ya rasu. Da ta fita takaba sai ta dawo gidan ɗan'uwanta a ƙauyenmu, can gefen Rurum. Ina aji uku na firamare a lokacin. Kayanta ba su cika amalanke ba: akwatin ƙarfe, tabarma, tukwane biyu, sai wata kwalba da aka toshe bakinta da tsumma, cike da ƙananan ƙwayoyi jajaye. Irin lansir ne. Ta ce na uwarsu ne, wato kakarmu, ita ta ƙulla mata shi a bakin zane ranar da za a kai ta ɗakin miji. Duk shekarun da ta yi a Kibiya tana shuka shi a bayan ɗakinta, tana ɗebe sabon iri, ba ta taɓa bari ya yanke ba.

Muna da lambu a bakin rafi, na kakanmu ne. Da ya rasu ya bar 'ya'ya uku: Baba, Baffa, da Goggo. Ba a yi rabon gado yadda ya kamata ba. Baffa ya riƙe gonar tudu, Baba ya riƙe lambu, Goggo kuwa tana gidan miji, aka ce nata yana nan a cikin lambun, duk ranar da ta buƙata. Ba ta taɓa buƙata ba. Da ta dawo, abin da ta ce wa Baba kawai shi ne ya nuna mata inda za ta zuba ɗan irin nan. Ina tsaye ya taka mata fangali uku kusa da rijiya, a gefen itacen lemon tsami, ya ce, "Nan naki ne har ki gaji."

Shekara ashirin da biyar ta yi ba ta gaji ba.

Da an gama girbin dawa, sanyi ya fara shigowa, sai ta ɗauki 'yar fartanyarta. Takan farfasa ƙasar har ta yi laushi kamar gari, ta gauraya takin awaki da toka, ta baje da tafin hannu. Irin ƙanana ne ƙwarai, don haka sai ta cuɗa shi da yashi kafin ta watsa, kada ya taru wuri ɗaya. Ba ta yarda a kwarara masa ruwa da bokiti. Wani tsohon gwangwani gare ta da ta huhhuda gindinsa da ƙusa, da shi take yayyafi safe da yamma. Kwana uku sai ka ga fangalin ya yi kore-kore kamar an shimfiɗa mayafi. Mako uku sai yanka. Takan durƙusa da wuƙa ta yanke shi sama kaɗan da ƙasa, ta bar gindin ya sake tohowa. Fangali biyu na ci ne. Na uku ba a taɓa shi ko da wa ya zo. Shi ake bari ya yi tsayi har gwiwa, ya yi 'yan furanni farare, ya ɗaure 'ya'ya, ya bushe, sannan ta tuge shi ta shanya a tabarma, ta bubbuga, ta sheƙe a faifai, ta cika kwalbarta.

Wanda bai ci kwaɗon lansir ɗin Goggo ba zai ɗauka duk lansir ɗaya ne. Nata ganyensa sirara ne, a tsattsage, kuma yana da wani yaji da ba a harshe yake tsayawa ba, hanci yake hawa. Takan wanke shi da ruwan gishiri, ta tsane shi a kwando, ta yanka ƙanana. Ta daka ƙuli-ƙuli amma ba ta bari ya yi laushi sosai, ta yanka albasa da tumatir, ta zuba gishiri da ɗan man gyaɗa, ta matsa lemon tsami rabi, ta cuɗa da hannu. Ba ta sa barkono. Takan ce mai sa wa lansir barkono bai yarda da lansir ɗinsa ba ne. Muna ci da shinkafa da wake, muna ci da dambu, wani lokaci haka nan zallansa da rana tsaka. Baba yakan ci har hawaye ya taru masa, yana jan hanci yana miƙa hannu. Duk matar da ta haihu a unguwarmu, Goggo za ta aika mata da cokali biyu na ƙwayar a sa mata a kunu. Wanda ya yi targaɗe, ta jiƙa ƙwayar har ta yi yauƙi ta shafa masa. Sauran ganyen ta ɗaure shi dami-dami a kai mata kasuwa. Da shi take sayen sabulunta da goronta da man shafawarta. Ban taɓa ganin ta miƙa wa Baba hannu ba, balle mu.

Baba ya rasu da damina, ana tsakiyar noma na biyu. Ni lokacin ina koyarwa a wata firamare a cikin Rano, da matata da 'ya'ya biyu, ina zuwa gida ranar Asabar. Yaya shi ne babba, shi ke zaune a gidan, don haka komai ya koma hannunsa. Ba zan ce mugu ne ba. Shi ya yi jinyar Baba, shi ke ciyar da Innarmu, 'ya'yansa takwas. Amma mutum ne da in ya ga hanya ba ya duba abin da ke kwance a kanta.

Da sanyin shekarar ya kusa fita, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci a Rano, ya ja ni gefe kusa da masu sayar da rake. Ya ce wani mai fataucin kankana daga Kano yana son lambun haya, zai sa injin ban-ruwa, zai shuka daga wannan iyaka zuwa waccan. Ya ce shi kaɗai ba zai iya da lambun ba, ni kuma alli na riƙe ba fartanya ba.

Na ce, "Ban da wajen Goggo ko?"

Ya ce, "Za a duba."

Na ce, "Yaya, irinta bai nuna ba fa. Na gan shi makon jiya, yanzu ya fara ɗaure 'ya'ya."

Ya ce, "Na ce maka za a duba, Malam."

Na bar maganar a nan. Wannan shi ne nawa laifin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na san Yaya, na san abin da "za a duba" ke nufi a bakinsa. Washegari na je gida, na zauna a ƙofar ɗakin Goggo na ci kwaɗonta, ban ce mata komai ba. Na gaya wa kaina ba na son in tayar mata da hankali a kan abin da bai tabbata ba. Gaskiyar ita ce ba na son in yi sa-in-sa da Yaya.

Asabar ta gaba na iso da hantsi. Goggo tana zaune da gwangwaninta, ta ce gwiwarta ta hana ta fita kwana biyu, in kai ta lambu a babur ta ba fangalin iri ruwa na ƙarshe. Ta ce saura kamar kwana goma ta tuge shi. Tana bayana tana ba ni labarin yadda ya yi kyau bana, wai rabon da ya ɗaure haka tun shekarar da aka yi mini aure.

Tun kafin mu sauka wari ya tare mu. Wani mutum ne, magidanci, da tankin feshi goye a bayansa, ya ɗaure hanci da ƙyalle, yana tafe yana famfo da hannun hagu. Ya riga ya gama da fangali biyu na ci. Yana tsakiyar na uku. Maganin kashe ciyawa ne, irin mai ƙona ganye kafin rana ta faɗi.

Na yi masa tsawa, ya tsaya. Na sauka daga babur ban ma kafa shi daidai ba. Ban tuna duk abin da na faɗa masa ba, amma na tuna ya bari na gama, sannan ya sauke ƙyallen ya dubi Goggo, ba ni ba.

Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Wallahi na gane lansir ne. Ni ma uwata tana shukawa. Na tsaya na tambayi mai wurin da safe, na ce wannan shuka ce fa ba ciyawa ba. Ya ce in feshe duka, daga itacen lemo har bakin rafi."

Na ce, "Wane mai wurin? Na Kano?"

Ya ce, "A'a. Na nan garin. Dogo, mai gemu."

Yaya ke nan. Goggo ta taka a hankali zuwa bakin fangalin, ta sunkuya ta tsinki reshe ɗaya, jiƙe da magani, ta murza 'ya'yan a tsakanin yatsu. Kore ne shar, da ɗan farin ruwa a ciki. Ta goge hannunta a zane. Ta ce wa mutumin ya ƙarasa aikinsa, an biya shi ne ya yi. Sannan ta ce mini, "Mayar da ni gida."

A kwalba babu ko ƙwaya. Haka take yi kowace shekara: ta shuka, ta rarraba wa masu jego, ragowar ta zuba a fangalin iri, kwalbar ta zauna wanke tana jiran sabo. Ta yarda da ƙasar nan ta ajiye mata, don shekara ashirin da biyar ba ta taɓa cin amanarta ba.

Na sami Yaya a zaure yana gyaran buhuna. Na tambaye shi ko shi ya ce a feshe wajen Goggo. Bai ɗago kai ba. Ya ce mai haya ya ce ba zai karɓi lambu da rami a tsakiya ba, kuma daidai nan bututun ruwa zai bi.

Na ce, "Kwana goma ya rage."

Ya ce, "Mutumin ya kawo irinsa da ma'aikatansa, sai in ce ya jira lansir?"

Na ce, "To me ya hana ka faɗa mata?"

Ya ce, "Da na faɗa mata, kuka za ta yi, Inna ta sa baki, maganar ta lalace. Gara a yi a wuce, daga baya a ba ta haƙuri. Lansir ne fa, Malam. In an ci kasuwar Kibiya zan sayo mata mudu guda."

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ba mantawa ya yi ba. Ya zauna ya auna, ya ga ya fi sauƙi a yi wa tsohuwa ɓarna a ba ta haƙuri, a kan a tsaya a nemi izininta. Ya riga ya tanadi haƙurin tun kafin ya yi laifin. Matar da ta goya shi, ta yi masa wankan ƙyanda, ta yi wa matarsa zaman jego sau takwas. Na ɗaga murya a zauren nan yadda ban taɓa yi wa Yaya ba, har maƙwabta suka leƙo. Innarmu ta aiko a kira Baffa.

Bayan la'asar aka zauna a tsakar gida. Baffa a kan kujerar Baba, Yaya a gefensa, ni a bakin tabarma, Goggo a ƙofar ɗakinta da carbi. Baffa ya fara da addu'a, ya yi dogon bayani a kan zumunci da yadda marigayi ya riƙe gida babu wanda ya taɓa jin kansu. Ya ce Yaya ya yi gaggawa, wannan gaskiya ne, ya ba Goggonsa haƙuri. Yaya ya ce, "Goggo, a yi haƙuri," yana kallon ƙasa. Baffa ya ce to shi ke nan, magana ta ƙare, za a sayo iri, a nema mata wani wuri a bayan gida.

Na ce ba ta ƙare ba. Na ce lambun nan ba na Yaya ba ne shi kaɗai, ba ma namu ba ne mu kaɗai. Goggo tana da gadon ubanta a ciki, wanda ba a taɓa fitar mata ba. Ba alfarma aka yi mata da fangali uku ba, ita ta yi mana alfarma da ta bar mana sauran. In za a ba da haya, da ita ya kamata a fara shawara, kuma a fitar mata da rabonta.

Baffa ya dube ni. Ya ce, "Karatun da aka kai ka ke nan? Ubanka bai shekara a ƙasa ba, ka zo da maganar rabo? Mace ce ita kaɗai, ba ɗa ba jika, tana ci tana sha a gidan nan. Ƙasa ta yi me da ita? Kada in ƙara jin an ta da maganar gado a gidan nan ina raye. A kan ganyen kwaɗo za ku raba zumunci?"

Na buɗe baki zan amsa, Goggo ta ɗaga hannu. Muryarta ba ta canza ba. Ta ce ita ba ta nemi rabo ba, ba ta kuma nema yanzu. Abu ɗaya take son sani.

Ta ce wa Yaya, "Da ka zo ka ce, Goggo, ana son wurin nan, ka taɓa ganin na hana ku wani abu? Da na roƙi kwana goma. In an hana ni, da na haƙe shi da ƙasarsa na kawo gida a kwanuka, ko rabi ya nuna. Faɗa mini ne ya yi maka nauyi?"

Sai ta juyo wajena.

Ta ce, "Kai kuma, Malam, da kake ta faɗa. Yaushe ka ji maganar hayar nan?"

Na ce, "Juma'ar da ta wuce waccan."

Ta ce, "Asabar ka zo ka ci kwaɗo a ƙofar ɗakina."

Na ce, "Na ci, Goggo."

Ta gyaɗa kai, ta tashi da kyar ta shige ɗaki. Na fi son a ce ta zage ni. Baffa ya shafa fatiha kamar an yi sulhu, kowa ya watse.

Yaya ya cika alkawari, ya sayo iri a leda, ya haɗa da turmin atamfa. Ta karɓa ta yi godiya. Atamfar ta ba matarsa. Irin kuma ta zuba kaɗan a wani fasasshen baho a bayan ɗaki, don kada a ce ta yi fushi. Ya fito, ganyensa fatafata, ta tsinka ta tauna, ta ce, "Lansir ne." Ba ta kuma sake shukawa ba. Ni ma na ɗanɗana. Yana da ɗan yaji, amma a baki yake mutuwa.

Na yi ƙoƙarin gyara abin da na ɓata. Na koma lambu na tattaro rassan da suka ƙone na shanya, na murza, na shuka, ko ɗaya bai tsiro ba. Na bi gidajen da take aika wa ƙwaya, kowa ya ce ai an sha a kunu, wa zai ajiye abin da ake samu duk shekara? Na hau babur na tafi Kibiya, unguwar da ta yi aure, ina sallama gida-gida kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Wata tsohuwa, maƙwabciyarta ta dā, ta tuna. Ta shiga ɗaki ta daɗe tana bincike, ta fito da wani ƙullin tsumma da ya yi baƙi, ta ce Goggo ce ta bar mata ranar da za ta tashi. Na karɓa da hannu biyu. Na kawo Rano na shuka a kwano, ina yayyafi safe da yamma har mako uku. Iri mai shekara ashirin da biyar a tsumma ba ya tashi. Ban faɗa wa Goggo na je ba.

Kankana kuwa ta yi kyau. Ina faɗin haka ne don kada wani ya zaci akwai wani sakayya da ya biyo baya. Babu. Motoci suka yi ta lodi, mai haya ya ji daɗi ya sake karɓa shekara ta gaba, Yaya ya sa kwano a ɗakin Innarmu, mutane suka yi ta yaba masa. Aka yanko kankana aka kai wa Goggo, ta ci yanki ɗaya ta ce da zaƙi. A gidan babu wanda ya sake ambaton lansir. In na tayar, sai a ce Malam dai ba ya mantuwa.

Abin da ba su gani ba, ko suka ƙi gani, shi ne tafiyar lambun nan ita ke riƙe da ita. Safe da yamma, je ka dawo, da tsayawa gaisawa da matan rugar da ke bayan rafi masu kawo mata nono su karɓi ganye. Da ta daina fita, gwiwar ta sandare. Cikin shekara guda ta koma sai da sanda, daga baya sai an kama ta. Kuma a karo na farko a rayuwarta ta fara jiran a tuna a sayo mata sabulu. Nakan kawo mata duk Asabar, da goro. Takan karɓa ta sa albarka, amma ina ganin yadda take saurin tura ledar ƙarƙashin filo.

Sau biyu ina roƙonta ta yarda in kai maganar gadonta gaba. Na ce ba sai ta je ko'ina ba, ni zan tsaya mata. Karo na biyu ta ce, "Malam, so kake a ce na tsaya gaban alƙali da ɗan Yayana? In an ba ni ƙasar, da wace ƙafa zan je? Na yafe masa. Kai ma na yafe maka, ka daina zuwa mini da fuskar nan." Na ce to. Amma yafewarta ba ta sauke mini komai ba.

Ta rasu shekara biyu da 'yan watanni bayan feshin, da azumi, da rana, Innarmu na riƙe da hannunta. Aka yi jana'iza, mutane suka cika ƙofar gida. Mata da yawa da ban sani ba suka zo gaisuwa daga ƙauyuka, kowace da labarin abin da Goggo ta aika mata lokacin jegonta.

Mako biyu bayan sadakar arba'in, Yaya ya kira ni a waya ya ce in zo Asabar da wuri, Baffa yana son a je lambu. Na iske Baffa da wani malami da dattawa biyu na unguwa, da doguwar igiya da turaku. Tunda Goggo ba ta bar ɗa ba, ba miji, ba iyaye, shi ɗan'uwanta shi ne magajinta. Ya zo a fitar masa da rabonta.

Na tsaya ina kallo. Ashe an san lissafin. Malamin ya yi bayani tiryan-tiryan, namiji kaza mace kaza, aka haɗa da gonar tudu aka daidaita, babu wanda ya yi gardama. Baffa da kansa ya riƙe bakin igiya, da tsufansa, yana cewa a ja ta miƙe sosai. Aka kafa turaku tun daga rijiya, aka wuce itacen lemo, aka yi ta tafiya har kusan bakin rafi. Na bi layin ina ƙirga fangali a raina, na wuce arba'in na daina. Duk wannan nata ne. Tana da shi ranar da ta tsaya da gwangwani a hannu tana kallon ana feshe mata uku. Yaya yana gefe fuskarsa a murtuke, don yanzu shi aka taɓa.

Da aka gama malamin ya ce a yi addu'a. Na ce a dakata, ina da tambaya.

Na ce, "Baffa, ba kai ka ce kada a ƙara tayar da maganar gado a gidan nan kana raye ba?"

Ya ce, "Wannan haƙƙi ne na shari'a. Ba a wasa da shi."

Na ce, "Da tana raye ba haƙƙi ba ne?"

Ya ce, "Ita ba ta nema ba."

Na ce, "Ka ce mace ce, ƙasa ta yi me da ita. Ga shi yau mun ga abin da ƙasar za ta yi. Ashe ajiye maka ita Goggo take yi."

Ɗaya daga cikin dattawan ya kama hannuna ya ce in ji tsoron Allah, ubana ne. Na ce na sani, shi ya sa ban faɗi sauran ba. Ban tsaya addu'ar ba. Na hau babur na koma Rano, ban ko shiga gida na sallami Innarmu ba, sai da yamma na kira ta na ba ta haƙuri.

Damina ba ta faɗi ba Baffa ya sayar da wurin ga mai kankana. Da sallah nakan je in gaishe shi, in durƙusa yadda aka koya mini, ya amsa a taƙaice yana kallon wani wajen. Ni da Yaya muna magana, muna haɗuwa a suna da jana'iza. Ya taɓa ce mini, muna dawowa daga wata ta'aziyya, da ya san Baffa zai yi haka da ya bar wa Goggo wurinta. Na ce masa ba wannan ne dalilin da ya kamata ya sa ya bar mata ba. Muka ƙarasa tafiyar a haka.